Dalilin da Ya Sa Na Ƙi Cika Babbar Kwalba

Ke Maryam, ke kika sa na ɗauki biro. Kin dawo daga sunan nan na Faskari idonki ya yi ja, na tambaye ki kika ce ba komai, sai da ƙanwarki ta tsegunta mani cewa wata mata, wadda ko ƙofar gidana ba ta sani ba, ta nuna ki da baki a cikin taro ta ce, ai ɗiyar wadda ta hana ɗiyar wanta magani ce. To, ya isa haka. Shekaru ke nan ina haɗiye maganar nan, na haɗiye ta a gidan biki, na haɗiye ta a gidan mutuwa, har ta zame mani kamar ƙaya a maƙogwaro. Amma tunda abin ya tsallake ni ya fara hawa kanku, wallahi ba zan shiga kabari da shi ba. Ku karanta, ku karanta wa 'ya'yanku, in kun ga dama ku kai wa Kawunku Sale shi ma a karanta mashi, ba abin da zan rubuta a nan wanda ba zan iya maimaitawa a gabanshi ba.

Aikina kun san shi a sama-sama ne kawai. In an tambaye ku kuna yara sai ku ce Mama tana ɗakin magani a asibiti, kuna zaton ƙwaya nake ƙirgawa in miƙa ta taga. Akwai wannan, amma abin da ya fi cin raina a aikin shi ne haɗi. Magunguna da yawa ba sa zuwa mana a na yara, na manya kawai ake kawowa, ƙwaya ɗaya ta fi ƙarfin jariri nesa ba kusa ba. To sai likita ya auna yaron, ya rubuta abin da ya dace da nauyinshi, ni kuma in shiga ciki in fitar da wannan ɗin daga ƙwayar manya. Ina da ɗan turmina na tangaran, fari, da taɓaryarshi, wanda ban yarda kowa ya daka komai a ciki ba sai abin sha, na man shafawa daban yake a wani lungu. In niƙa ƙwayar har ta yi laushi kamar garin alkama, in auna a sikeli, in kwaɓa da wani ruwan zaƙi mai kauri wanda ke riƙe garin kada ya yi saurin kwantawa, in ƙara dafaffen ruwa da ya huce, in zuba a 'yar kwalba mai duhu. Sannan in rubuta sunan yaro da ranar da za a daina amfani da shi, in ce wa uwar, ki girgiza kafin ki ba shi, in sa ta girgiza a gabana in gani. Abokan aikina suna yi mani tsiya, wai Hajiya Lami in tana haɗi kamar mai alwala, ba a yi mata magana. Su yi ta dariya, ni dai na san abin da ke cikin turmin nan cikin ɗan wani zai shiga.

Kuma irin wannan haɗin ba ya daɗewa. Sati biyu ne, shi ma sai an ajiye shi wuri mai sanyi, a firji ko a gindin randa. Bayan nan zafin ƙasarmu ya lalata shi, ko ya yi tsami, ko garin ya kwanta a ƙasa ya daskare kamar gasara, sama ta zama ruwan banza. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, haka aka koya mana, haka kuma na gani da idona a kwalaben da ake dawo mana da su.

Nana kun san ta, ko da yake wasunku kuna makaranta lokacin. Autar Kawunku Sale ce, ɗiyar matarshi Rabi. Tun kafin ta fara rarrafe take jijjiga, sai ta sandare, idanu su juye, kumfa a baki. Kakarku Inna, da ke zaune wajen Yaya Sale a ƙauyensu tsakanin Faskari da Sabuwa, ta yi iya ƙoƙarinta da rubutu da hayaƙi, sai Rabi ta dage a kawo ta wurina Kankara. Likita ya duba ya ce farfaɗiya ce, tana da magani, amma sai an riƙe shi kullum ba fashi, kuma ba a ƙara shi ba a rage shi, don irinshi in ya yi kaɗan ciwon ya dawo, in ya yi yawa ya kwantar da numfashi. Na faɗa wa Yaya wannan da bakina, na faɗa wa Rabi. Daga nan duk bayan sati biyu, ranar kasuwar Kankara, sai ga su bisa mashin, Yaya a gaba, Rabi a baya da Nana a goye. In ɗora ta a sikeli tana tsala ihu, in haɗa mata 'yar kwalbarta, su ci abinci a gidan nan, Yaya ya shiga kasuwa ya gama harkarshi su koma. Cikin ikon Allah jijjigar ta ɗauke. Yarinya ta yi kumatu, ta fara takawa tana dafa bango, in ta gan ni ta miƙo hannu ta fizge mani tabarau tana cewa Gaggo. Ina son yarinyar nan. Duk wanda ya ce ban so ta ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Sai hanya ta lalace. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, kun san shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane sakat, manomi bai isa ya je gonarshi hankali kwance ba, direba in ya fito sai ya tsaya a tasha ya tambayi wanda ya shigo ko hanya lafiya. An tare maƙwabcin Yaya a wannan hanyar da yake bi, aka shiga daji da shi. Saboda haka tsoron da Yaya ya ji ba ƙarya ba ne, ni ma duk ranar da za su zo gabana faɗuwa yake har sai na ji ƙarar mashin ɗinshi a ƙofar gida. Ban taɓa cewa ba shi da hujja ba. Shi ya sa tun kafin ya buɗe baki na riga na je na samu likita muka yi shawara, muka ga cewa in ba a jiƙa maganin ba, a barshi gari a bushe, zai yi watanni bai lalace ba. Na zauna bayan an tashi aiki na niƙa, na auna na kowane sha daban a sikeli, ɗaya bayan ɗaya, na ninke kowanne a 'yar farar takarda mai tsabta, na jera su a gwangwanin madara mai murfi. Abin da za a yi kawai, a buɗe ƙulli ɗaya, a zuba a cokalin koko, a ba ta. Ba girgizawa, ba firji, ba zuwa Kankara sai bayan wata biyu a sake auna ta. Bayana har ciwo ya yi wajen ninke su, amma na yi murna, na ce yau na raba ɗan'uwana da hanyar nan.

Ranar da suka zo har da Inna, an kawo ta ne a duba mata gwiwa, ita da Rabi suka biyo motar kasuwa. Muna zaune a tsakar gidan nan, gindin dalbejiya, babanku na gefe bisa kujera. Bayan an gaisa Yaya ya zaro wata babbar robar lemo daga cikin buhu, an wanke ta tas, ya dire a gabana.

"Lami, cika mani wannan. Na gaji da sayar da raina a hanya."

Na ce, "Yaya, ai na riga ka tunani. Tsaya ka gani."

Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin, na buɗe, na fara yi mashi bayani. Ban kai ƙarshe ba na ga fuskarshi ta canza. Ya sa yatsa biyu ya ɗago ƙulli ɗaya kamar wanda ya tsinci abin ƙyama.

"Mi ne ne wannan?"

"Maganin Nana ne, shi ne dai wanda take sha, ruwa ne kawai ban sa ba."

"Ɗiyan ma'aikata ki ba su kwalba, ni ɗiyata ki ba ta ƙulli irin na masu tallar maganin basir a tasha? Don muna ƙauye? Na kwalba shi ya yi mata aiki, shi nake so. Ki cika mani."

Na yi mashi bayani da lallashi, Allah shi ne shaidata. Na ce in na cika robar nan, kafin a sha kwatarta sauran ya lalace, garin zai kwanta, yau ta sha ruwa gobe ta sha guba. Ya ce ai su ba dabbobi ba ne, sun iya ajiya. Babanku ya sa baki ya ce, Alhaji, a bi maganar masu aikin, Yaya ya juya ya ce mashi, Malam, tsakanina da ƙanwata ne. Rabi ta sunkuyar da kai tana jijjiga Nana a cinya. Sai Inna ta yi gyaran murya. Kun san ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

"Lami, ki yi wa wancan abin da ya ce. Babba ne. In wani abu ya same shi a hanya mi za ki ce?"

Tun da na yi wayo ban taɓa musa wa Inna ba. Ko aurena da babanku, da ta ce a'a da ban yi ba. Amma a ranar na dubi tsohuwar nan da ta haife ni na ce mata, Inna, ki yi haƙuri, ki gafarta mani, wannan ɗin ba zan iya ba. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe rigarshi, ya ce dama an faɗa mashi boko yana cire wa mace kunya, yau ya gani. Ya ɗauki robarshi ya fita, ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba. Na bi Rabi har zaure na danƙa mata gwangwanin da 'yar kwalbar sati biyu da na haɗa don kada a samu fashi, na ce in ta ƙare ki koma ƙulli, na sake nuna mata yadda ake buɗewa. Ta ce to, Gwaggo. Na koma ciki na yi kukana na share hawaye, na ce wa kaina fushin ɗan'uwa ne, zai huce, magani dai yana hannun uwar yarinya.

Kasuwa ta ci, wata ta ci, ba su zo ba, ban damu ba tunda dama abin da na shirya ke nan. Waya ba ta shiga ƙauyensu a lokacin, sai in je tasha in samu direban da ke bin hanyarsu in ba shi saƙo. Ya dawo ya ce mani, Hajiya, sun ce a gaishe ki, yarinya tana shan magani. Na ce alhamdu lillahi. Ina zan san wane magani ake nufi?

Wata hantsi ina ɗakin magani na ji hayaniya a ƙofar asibiti, aka leƙo aka ce Hajiya ki fito, 'yan'uwanki ne. Na fito na ga Rabi ba ko takalmi, Nana a hannunta ta saki jiki kamar tsumma. Tun jiya da rana take barci, an yi tashin duniya ba ta tashi ba. Numfashinta sai ka jira, ka jira, kafin ƙirjin ya ɗaga. Likita ya buɗe idonta ya duba, ya ce me aka ba ta? Na ce ƙullin da na haɗa ne, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Sai Rabi ta fashe da kuka, ta kwance ɗaurin da ke hannunta ta fito da robar lemon nan. Ita ce dai, wadda aka dire mani a gindin dalbejiya. Jikinta ya rine da ja, ƙasanta kuma ga shatin farin abu da ya daskare, an kankare shi da tsinke. Na zauna a ƙasa a gaban mutane. An yi duk abin da asibitinmu zai iya, amma kafin la'asar Nana ta cika.

Saboda hanya, aka ce a yi mata sutura a nan Kankara. Kafin a kawo likkafani na ja Rabi ɗakina na rufe ƙofa, na ce faɗa mani. Ashe ranar da suka bar gidan nan Yaya bai nufi hanya ba, kasuwa ya shiga wajen wani mai kemis, ya nuna mashi 'yar kwalbata ya ce irin wannan yake so cike da roba. Mutumin nan bai tambayi shekarun yarinya ba, bai tambayi nauyinta ba, bai ma gan ta ba. Ya karanta sunan maganin, ya kwaso ƙwayoyi da hannu, ya daka su a turmin da yake daka komai, ya juye a roba, ya tsiyaya jan maganin ƙarin jini don ya yi kala, ya cika da ruwan jarka. Gwangwanina kuwa, da suka kai wata gada Yaya, da ke bin motarsu bisa mashin, ya tsayar da ita ya karɓe shi daga hannun Rabi ya wurga a rafi. A gida Inna ta ce ita za ta riƙa ba jikarta magani. Ba wanda ya ce mata a girgiza. Ta ajiye robar a lungu, kullum ta tsiyayi na sama a cokali, in ta ga ya yi ƙasa sai ta ƙara ruwa a hankali, kamar yadda take yi wa rubutu tun muna yara don kada albarkarshi ta ƙare. Jijjiga ta dawo, ta yi ta ƙaruwa, tunda ruwa yarinyar ke sha. Da abin ya tsananta Inna ta ɗaga robar a hasken rana, ta hango farin nan kwance a ƙasa, ta ce ashe ga ainihin maganin nan ya ɓuya. Ta tsiyaye ruwan, ta kankaro shi, ta dama a kofi, ta ɗura mata gaba ɗaya.

Na ce, "Rabi, ina bakinki yake duk wannan?"

Ta ce, "Gwaggo, na yi magana ranar gadar, ya ce in na ƙara sai dai in wuce gidanmu."

Ni na yi wa Nana wanka, ni da maƙwabciyarmu. Da na cire mata riga na ga wata 'yar laya a wuyanta, sabuwar fata, ban san ta da ita ba. Na kwance, na ɗaure a gefen zanena, na manta da ita.

Washegari Inna ta iso da sauran dangi, aka zauna makoki a gidan nan, maza a waje mata a ciki. Ina cikin raba ruwa na jiyo muryar Yaya daga zaure, bai ma rage ta ba, so yake a ji. Wani ya yi mashi gaisuwa ya tambayi yadda abin ya faru.

"Ƙaddara ce. Amma da ƙanwata ta cika mani kwalbar da na roƙe ta, da ban je wajen wani ba. Har uwarmu ta sa baki, ta ƙi."

Kai! Ni? Ni da na zauna ina ninke takarda har bayana ya ƙage? Na yarda da ƙaddara, na san kwanan Nana ya ƙare, babu mai ƙara mata ko sa'a ɗaya. Amma ba ƙaddara ce ta wurga gwangwani a rafi ba, hannu ne, kuma na san mai hannun. Na ajiye butar, na shiga ɗaki na ɗauko robar nan, na yafa mayafi, na nufi zaure. Niyyata in tsaya a gaban mazan nan in ɗaga ta sama in faɗa masu abin da ke cikinta, da wanda ya saya, da yadda aka yi aka sha. Na kai tsakiyar gida ke nan sai na ji Inna, tana zaune bisa tabarma da carbi a hannu, tana ba wata tsohuwa labari.

"Ni dai na yi iyakar yina. Ko fashi ban taɓa yi mata ba. Har na ƙasan ma na kankaro na ba ta, ban bar ko ɗigo ba, amma kwana ya ƙare."

Na tsaya cak. Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba, a ranta hidima ta yi wa jikarta har ƙarshe. Kuma ba yadda zan wanke kaina a zauren nan ba tare da na ce na ƙasan robar ne ya kashe ta ba, kowa kuma ya ji wanda ya ɗura. Tsohuwa ce mai hawan jini, da ta ji wannan ba za ta kai lokacin kaka ba, in ma ta kai, da wane rai? Na dubi Rabi, ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. Na juya na koma ɗaki, na cusa robar ƙarƙashin gado, na cusa fuskata a filo don kada a ji ni.

To kun ji shirun da aka ɗauka amsa laifi ne. Yaya ya san gaskiya sarai, likita ya faɗa mashi a gabana, kuma ya san dalilin da ya sa na yi shiru, ya hau kan shirun ya zauna. Wannan shi ne abin da har yau na kasa haɗiyewa. Mutum ya ɓuya a bayan uwarshi don ya san ƙanwarshi ba za ta jefo dutse wajen ba! Labari ya bi dangi daga Faskari har Sabuwa, kowa ya ƙara nashi gishirin, wasu suka ce wulaƙanci na yi mashi, wasu suka ce korar su na yi. Bikinki Maryam bai zo ba, bai bar Rabi ta zo ba, kuka tambaye ni na ce hanya ce. Matan da na haɗa wa 'ya'yansu magani da hannuna suka riƙa gaishe ni a tsaitsaye. Babanku, Allah ya jiƙanshi, sau da yawa yana cewa bari ya je ya samu manya a warware, ina hana shi.

Mai kemis ɗin kam ban ƙyale shi ba. Na je shagonshi ranar kasuwa, na dire mashi robar a kan teburi, na ce ka gane ta? Ya dube ta ya dube ni, ko gezau.

"Hajiya, ni abin da mai saye ya ce shi nake yi. In ban yi ba na gaba zai yi."

Na ce mashi ɗiyar mutane ce ta mutu, ya ce Allah ya jiƙanta, ya juya yana sallamar wani. Ga turmin nan a gefenshi, baƙi ƙirin da dattin magani iri-iri, ƙuda na bi. Na kai ƙararshi wajen masu sa ido kan shagunan magani, aka rufe shagon na ɗan lokaci, daga baya na ji ya buɗe wani a can wajen Sabuwa. Yaya da ya ji ya aiko mani cewa na tona asirin gida. Asirin gida! Ban san ranar da turmin ƙazami ya zama ɗan gidanmu ba.

Saura abu ɗaya, wanda ko babanku ban nuna wa ba. Bayan an watse makoki ina haɗa wanki sai na ji ƙulli a gefen zanen da na yi wa Nana wanka da shi. Layar nan ce. Na juya ta a hannu, na ji ba ta yi taurin laya ba, akwai abin da ke motsi a ciki kamar gari. Na ɗauko reza na farke ɗinkin. Farar takarda ce, an ninke gefe biyu an soke baki a ciki, ninkin da ba wanda ke yin irinshi a asibitinmu sai ni. Inna ba ta riga ta koma ba, tana ɗakin baƙi tana shafa man zafi a gwiwa. Na je na zauna kusa da ita, na ce Inna, layar wuyan Nana fa, wa ya ba ta? Sai ta yi murmushi, na farko tun da aka yi rasuwar.

"Taki ce. Tun a mota na zari ɗaya daga gwangwanin, don na ga take-taken wancan. Na ce aikin hannun ɗiyata ba zai tafi a banza ba, ko ba a sha ba albarkarshi ta bi ta. Na kai wa baduku ya ɗinke mani. Kada ki faɗa mashi."

Na ce ba zan faɗa ba. Na karɓi man na ci gaba da shafa mata a gwiwa, ina kallon ƙasa.

Inna ta rasu bara, ba ta sani ba, kuma ko yau aka dawo da ni tsakar gidan nan da roba a hannu, ɗaki zan koma. Rabi na aika mata kafin in fara rubutun nan, ta ce in rubuta, ita ma ta gaji. Kawunku yana nan da ranshi. Ban ce ku daina gaishe shi ba, wan uwarku ne, in kun je ku durƙusa ku gaishe shi yadda na koya maku. Amma duk wanda ya sake nuna ku da baki, kada wanda ya sunkuyar da kai. Ku ce uwarku ta ƙi cika babbar kwalba, kuma da za a sake dire mata ita gobe, ba za ta cika ba.

Layar tana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin kayan Makka, na mayar da ita cikin fatarta. In na mutu ku buɗe ku gani. Na duba ta da zan fara rubutun nan, garin yana nan a bushe, fari fat, bai canza ba, daidai nauyin Nana. A wuyanta yake ranar da aka ɗura mata na robar.